Rabin Kifi a Bakin Ƙugiya

Rabin kifi na jawo. Kai da ƙirji suna nan lafiya lau, ido a buɗe, ƙugiya na zaune daram inda yaron jirgi ya ɗinke ta da safe, amma daga tsakiyar ciki zuwa jela babu komai. Na ɗaga shi sama yana ɗigar ruwa, na ce da ƙarfi, har da 'yar taƙama ta wanda ya gano abu: "Shak ne!"

Babban kifin tekun nan mai cin nama nake zargi. Ba wanda ya tanka mini. Yayana ya ci gaba da gyara hularsa da iska ke neman ƙwacewa. Matuƙin jirgin, wani dattijo da rana ta gasa har fatarsa ta koma kamar tsohuwar jaka, ya miƙa wa yaronsa sitiyari, ya sauko, ya karɓi rabin kifin da hannu biyu kamar an ba shi wasiƙa. Ya daɗe yana juya shi.

Bari in koma baya kaɗan, don a san yadda mutumin da bai taɓa riƙe sandar fatsa a teku ba ya tsinci kansa yana yanke wa kifaye hukunci.

Yayana ne ya ja ni. Shi kamun kifi ya shiga jininsa tun da daɗewa, ni kuwa rakiya na yi, ina zaton zan zauna a inuwa in riƙa ɗaukar hoto. Mun sauka Mindelo, a tsibirin San Bisente, ɗaya daga tsibiran Kabo Berde da ke cikin Atlantika, sama da kilomita 500 yamma da gaɓar Senegal. Aman wutar duwatsu ne ya haifi tsibiran nan, shi ya sa ƙasan tekunsu ba ya gangara a hankali kamar na bakin nahiya. Kana barin gaɓa kaɗan sai ƙasa ta zurma, ruwa ya yi shuɗi mai duhu kamar an zuba baba. Manyan kifayen tsakiyar teku, waɗanda a wasu wurare sai an yi tafiyar sa'o'i kafin a iske su, a nan suna yawo kana hangen duwatsun gari. Masu neman kifin malin, mai dogon baki kamar mashi, daga ƙasashe da yawa suke zuwa saboda haka, kuma shi Yaya yake mafarki.

Da asuba muka fita daga tashar. Muka bar dutsen da ake ce wa Monte Kara, wanda in ka kalle shi da kyau sai ka ga fuskar mutum kwance tana kallon sama, muka wuce ɗan tsibirin da ke ɗauke da fitilar jirage, muka faɗa mashigin da ke tsakanin San Bisente da Santo Antawo. Iskar arewa maso gabas a nan take matsewa tsakanin tsibiran biyu, ta fito da fushi. Raƙuman ruwa suka fara ɗaga mu suna dire mu. Abin da ya faru da cikina a sa'a ta farko ba na labari ba ne. Yaya ya ce in kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, in daina kallon ƙafafuna, kuma da gaskiyarsa.

Da muka zagaya bayan tsibiri ruwa ya ɗan lafa, yaron jirgi ya saki zaruruwa. Biyu na ɗauke da kifin roba mai geza, ɗaya kuma da kifi na gaske, matacce, ɗan dangin kifin tuna mai tsawon kamu biyu. Na zauna na kalli yadda ya shirya shi: ya ɗinke baki, ya ɗaure ƙugiya a kai, ya lanƙwasa jikin sau da yawa don ya yi laushi ya riƙa kaɗa jela a ruwa kamar mai rai. Tsakanin ƙugiya da babban zare akwai guntun zaren roba mai kauri, shi ne zaren gaba. Jirgi na tafiya kamar gudun keke, wajen kilomita 12 a sa'a, kifin na biye da mu a baya yana tsalle a kumfa.

Wajen ƙarfe goma ne. Sandar da ke kusa da ni ta sunkuya sau ɗaya, ƙarfen naɗe zare ya yi ƙirrr na ɗan ƙiftawar ido, sai shiru. Sanda ta miƙe. Ni kuwa na zabura na hau naɗe zare da iya ƙarfina, ina jin dattijon na ɗaga murya daga sama da harshen da ban sani ba. Na ɗauka kirari yake yi mini. Ashe cewa yake in saki.

To, shi ne na jawo rabin kifi.

Yaron jirgin na jin Turanci, shi ya riƙa fassara tsakaninmu. Abin da dattijon ya fara tambaya ba game da kifin ba ne, game da ni ne. "Ɗana, me ka ji a hannunka?"

"Ban ji komai ba, Baba. Ta buga sau ɗaya ta saki."

"Nauyi fa? Ka ji kamar ka maƙale buhu?"

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini zaren gaba ya ce in bi shi da yatsu tun daga ƙugiya har ƙulli. Na bi. Santsi ƙalau, kamar yanzu aka ciro shi daga leda. Ya ce fatar shak ba irin ta sauran kifi ba ce, cike take da 'yan ƙananan ƙayoyi masu siffar haƙori, in ka shafa ta daga jela zuwa kai sai ka ji kamar sanfefa. Shak in ya kama abu yakan juya, ya murɗa, jikinsa ya goge zare, sai ka tarar da zaren ya yi fari-fari ya yi kaushi. Namu ko ƙwarzane babu.

Sannan ya juyo da wurin yankan ya sa mini a gaban ido. Ya ce bakin shak kewayayye ne, don haka cizonsa jinjirin wata yake bari, kuma a gefen jinjirin za ka ƙirga gurbin haƙora ɗaya bayan ɗaya. Masana ma da faɗin wannan baka da tazarar haƙoran suke ƙiyasta girman shak ɗin da ya yi cizo. Waɗanda haƙoransu ke da tsini-tsini kamar zarto, irin shak mai zanen damisa, sai sun girgiza kai hagu da dama kafin nama ya rabu, saboda haka wurin yakan fito da 'yan zare-zaren tsoka. Shi kuwa shak ɗin da ake kira mako, wanda ya fi duk danginsa gudu kuma zai iya cim ma abin da jirgi ke ja ba tare da wahala ba, haƙoransa na gaba dogaye ne sirara kamar basilla, ba su da zarto. Na riƙewa ne da yagewa. In shi ne, da mun ga yaga.

Abin da ke hannunmu ba yaga ba ne. Yanka ne miƙaƙƙe, ya ɗan karkace kaɗan daga baya zuwa ciki, fata da tsoka da ƙashin baya duk sun rabu a layi ɗaya. Ko mahauci mai sabuwar wuƙa sai ya dafa a kan katako kafin ya yi irinsa, wannan kuwa a cikin ruwa aka yi shi, a guje.

Na ɗan ji kunya, amma ban saki ba. Na ce ai shak iri-iri ne. Yaya ya yi dariya ya ce, "Kai dai sunan da ka sani ke nan. Ko akuya ce ta ɓata a tekun nan, shak za ka ce." Na ce, "Yaya, to kai faɗi naka mana." Ya ce barakuda.

Nan dattijon ya ɗan yi jim, don wannan zargin yana da ƙafa. Barakuda ya shahara da raba kifi biyu. Siririn kifi ne dogo, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, yana tsayawa cik a ruwa kamar sanda sai ya ga abu mai ƙyalli ya harba kansa. Wanda ya san tsage na kogi, ya san irin bakin da nake nufi, sai dai a ƙara masa tsawo. Haƙoransa ba kai ɗaya ba ne: akwai ƙanana masu kaifi a gefe, akwai manyan fiƙoƙi a ciki da gaba, har da ramuka a ɗaya muƙamuƙin inda suke shiga in ya rufe baki. Dattijon ya ce waɗannan fiƙoƙin su ke tona masa asiri. Kafin ya gama yanke kifi mai kauri irin namu yakan sara fiye da sau ɗaya, sai ka ga huda mai zurfi ko tsaga a kusa da wurin yankan, kamar inda wuƙa ta zame. Ya sa Yaya ya duba rabin kifin ciki da bai. Yaya ya duba, har da cire tabarau. Babu huda ko ɗaya.

Ya kuma nuna mana na'urar da ke auna zurfi. Muna kan bakin gangare, inda ƙasa ke faɗawa daga 'yan mitoci ɗari zuwa abin da na'urar ma ta daina karantawa. Barakuda ya fi son gindin duwatsu, da tasoshin jirage, da duk wani abu da ke tsaye a ruwa wanda zai raɓa. Manyansu kan fito fili, ya ce, don haka ba zai rantse ba. Amma in za a sa shi ya zaɓa, ba zai zaɓe shi ba.

Wannan "ba zan rantse ba" ta burge ni fiye da duk bayanin. Mutumin da ya shekara arba'in ko fiye a kan ruwa yana auna maganarsa, ni ɗan sa'a huɗu na riga na yanke hukunci har na ɗaga murya.

Sauran waɗanda ake zargi da sauri ya sallame su, yana ƙirgawa da yatsun da gishiri ya tsattsaga. Malin ba shi da haƙoran yanka, da bakinsa mai kaushi kamar magagari yake bugun abinci, sai ka jawo kifinka a daddauje, ɓawo ya saɓule, amma a haɗe. Tuna haɗiyewa yake gaba ɗaya. Dolfin, wanda dabba ce mai shayarwa, wayonsa ya fi na kowa: yana kama jikin ya zare shi a hankali ya bar maka kai a ƙugiya, da 'yan layukan haƙora a jere kamar an ja manjagara. Talibambam na teku mai haƙora huɗu da suka haɗe suka zama kamar bakin aku yana gutsure har ƙarfe, amma ba ya bin jirgi a guje. Sikwid, mai hannuwa goma da fesa tawada, da dare ya fi ɓarna, kuma ƙeya yake ci.

"To saura wa, Baba?"

Ya haɗa yatsu biyu ya buɗe ya rufe, alamar almakashi. Ya ce, "Sera."

Sera da harshen Fotugal zarto ke nan, sunan da suke kiran kifin da masu fatsa na duniya suka sani da wahu. Ni a ganina sunan bai yi masa adalci ba, don zarto sai ya je ya dawo. Wahu ɗan gidan su tuna ne, amma an miƙar da shi an sirantar, kamar an zana shi da ruli. Yana kai mita 2 da 'yan kai, mafi girma da aka yi rajistar kamawa da sanda ya haura kilo 83, a gaɓar Meziko a 2005. Haƙoransa ƙanana ne, ba abin tsoro a ido, masu kusurwa uku, a jere layi ɗaya manne da juna. Na sama da na ƙasa suna wuce juna daf da daf, yadda bakin almakashi ke yi. A haɗa wannan da gudun da yake cikin mafiya sauri a teku, sai a gane dalilin da ya sa ban ji nauyi ba. Bai ja ba. Wucewa ya yi ta cikin kifin.

Daga nan ne dattijon ya dawo kaina. Ya ce al'adar wahu ce ya sare jela tukuna, don abin da ba shi da jela ba ya gudu, sannan ya yi kwana ya dawo ya kwashi sauran a nitse. Da na saki zare lokacin da yake ta kira, da rabin nan ya nitse a hankali kamar gawa, da mai shi ya dawo ya ɗauka har da ƙugiya. Ni kuwa na fizge masa akushi daga gaba. Yaron jirgi ya fassara wannan yana ƙoƙarin danne dariya, bai iya ba.

Yaya ya so a ci gaba da neman malin. Dattijon ya ce a ba shi rabin sa'a. Ya sa aka canza zaren gaba da waya, aka shirya wani kifin, wannan karon da ƙugiya ta biyu a kusa da jela, daidai inda aka yi mana ɓarna. Na tambaya me ya hana a sa waya tun farko. Ya ce kowane gyara da kuɗinsa: waya ba ta yankuwa, amma ana ganinta a ruwa mai haske irin wannan, tana kuma hana abincin kaɗawa da kyau, sai masu kaffa-kaffa irin su tuna su ƙi zuwa. Wanda ya fito neman malin da zaren roba ya san wata rana zai ciyar da wahu kyauta.

Muka juya muka sake bin bakin gangaren. Kifaye masu fiffike suna tashi daga gaban jirgi suna shawagi su faɗa. Rabin sa'ar ta wuce, aka ƙara wata. Yaya ya fara duba agogo a fili don a gani. Ni kuma rana ta dake ni har na fara gyangyaɗi, rabin kifina na kwance a cikin bokiti don dattijon ya hana a jefar.

Ƙarar da ta tashe ni ba irin ta farko ba ce. Zare ya riƙa fita kamar an ɗaura shi a bayan mota, yana yanka ruwa yana feshi. Yaya ya kama sanda. Gudun farko ne mai tsanani, dattijon ya ce, in ƙugiya ta riƙe a nan to an gama rabin aiki. Kifin ya tsaya, ya juyo ya nufo jirgi har zare ya yi sako-sako, Yaya na naɗewa kamar zai karya hannu, matuƙi ya ƙara wuta don zaren ya miƙe. Bayan kamar minti goma sha biyar sai ga shi a gefen jirgi, dogo, bayansa shuɗi, gefensa azurfa da zane-zane a tsaye masu walƙiya kamar an kunna su. Yaron jirgi ya maƙalo shi da ƙugiyar hannu, ya daka mana tsawa mu ɗage ƙafafu. Ko a mace, in bakin nan ya goge ka sai an yi ɗinki. Cikin 'yan mintuna zanen ya dushe, ya koma toka-toka, abin har ya ɗan sosa mini rai.

A ƙugiyar jela ya kamu. Ta gaba ko taɓa ta bai yi ba.

Dattijon ya ɗauko rabin kifina daga bokiti, ya buɗe bakin wahun da filaya, ya saka shi a ciki ya rufe a hankali. Layin haƙora ya kwanta a kan layin yanka. Ya cire, ya ɗauki wani kifin cikakke ya sa, ya danna muƙamuƙin da tafin hannu, ba da wani ƙarfi ba, sai ga fata ta tsage tsaf. Gani ya kori ji.

Na ce to a buɗe cikinsa mu karɓi jelarmu. Aka buɗe. Akwai ragowar kifi mai fiffike, da 'yan baƙaƙen bakunan sikwid da ba sa narkewa da wuri, da wasu tsutsotsi biyu masu kaurin babban yatsa suna motsi. Na ja da baya. Yaron ya ce kusan kowane wahu da irinsu a tumbi, ba sa shiga tsoka. Masana na kiran su Hirudinella. Jelar kifinmu kuwa babu ita. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce dangin mun kama, mai laifin yana can yana yawo da cikakken ciki.

Muna kan hanyar komawa, duwatsun Santo Antawo sun yi ja da yamma, yaron na wanke kifin da ruwan teku, sai dattijon ya kira ni. Ya nuna mini wani rami a gefen wahun, kusa da ciki. Zagayayye ne sak, faɗinsa kamar bakin ƙaramin kofin shayi, an ƙwaƙule tsoka kamar da cokali, gefen ya fara warkewa. Can baya kuma ga tabon wani da ya riga ya cike.

"Ɗana, wannan fa? Wa ya yi?"

Na ɗauki darasi, don haka na tsuguna na duba da kyau. Babu jinjirin wata, babu yaga, ramin ko damtsen yaro ba zai shiga ba. Na ce ko tsutsa ce, ko sikwid, ko ciwo ne ya ci wurin. Na ƙara da cewa, cikin muryar wanda ya waye, abu ɗaya dai na tabbata: wannan ba shak ba ne.

Yaron bai ma jira ya fassara ba, ya zauna a kan akwatin ƙanƙara yana dariya har da riƙe ciki.

Shak ne. Wani ɗan ƙarami mai tsawon kamar rabin mita, mai siffar sigari, wanda masana suka sa wa suna Isistius brasiliensis saboda a gaɓar Barazil aka fara samunsa. Da rana yana can ƙasa, zurfin kilomita ko fiye, inda haske ba ya kaiwa. Da dare sai ya hauro. Cikinsa na fitar da wani koren haske, leɓɓansa kuma na manne wa jiki kamar ƙahon wanzami. In ya manne sai ya kafa haƙoran ƙasa, waɗanda ke haɗe wuri ɗaya kamar bakin zarto, ya juya jikinsa, ya ɓalle da loma guda ya bar rami. Yana yi wa tuna, yana yi wa dolfin da manyan dabbobin teku da suka ninka shi sau dubbai. A shekarun 1970 har robar da ke rufe na'urar sauraro ta jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a ƙarƙashin ruwa ya riƙa gutsura.

Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Sau ɗaya tak yau ya kamata ka faɗi sunan nan." Na sa yatsa a cikin ramin, ya shige har gaɓa ta farko. Dattijon ya koma kan sitiyari, ya ce wa yaron ya jefar da rabin kifin yanzu. Na leƙa ina kallonsa yana juyawa a kumfar bayan jirgi, fari, shuɗi, fari, har ya ɓace.